Faifan Cajin Da Ka Aiko Wa Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sassauta maka aikin nan da ba ya barin ka ka zauna, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana hawa matakala ba ta dafa bango. Goggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta yi wa kowa faɗa, ta sake wa kujerun falo zama ba wanda ya roƙe ta, sannan ta koma. Maigidana yana kan hanya da motar kaya, sai ƙarshen wata muke sa ransa. Yarana sun koma makaranta, babbar tana ƙoƙari, ƙaramin kuwa har yanzu da takalmi ƙafa ɗaya yake dawowa gida.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kake cewa bakina ya fi hannuna sauri. A waya ba zan iya ba. Duk ranar Asabar da ka kira, Baba yana zaune kusa da ni, kuma ko ba ya nan na gwada sau biyu, da na ji muryarka sai in koma tambayar yara. Don haka bari in faɗa maka tun daga nan, kada ka yi ta karatu gabanka yana faɗuwa. Baba ba shi da lafiya, kuma ciwon babba ne. Ƙari ne a cikin kansa. Likita ya ce lokacin yin aiki ya wuce, kuma abin da zai fara tafiya shi ne magana. Baba ya hana a gaya maka. Ni kuma abin da nake so ɗaya ne, ka zo ka same shi yana iya yi maka magana kana ba shi amsa. Yadda aka yi na gano kuwa, ta kan faifan cajin nan da ka aiko masa ne, shi ya sa zan faro maka daga can.

Ka tuna wayar da ka aiko masa bara. Ranar da ta iso bai yarda ya kunna ta ba sai da ya je wurin mai gyaran waya na layinsu a kasuwa ya sayo mata riga, baƙa mai kauri mai tauri, irin wadda sai an yi da gaske take shiga. Ya ce ko mota ta taka ta ba abin da zai same ta. Muka yi ta yi masa dariya, Mama ta ce ya mayar da wayar bulo. Daga baya, wajen wata huɗu da suka wuce, na fara lura idan zai sa caji yana daɗewa a gaban soket. Zai riƙe igiyar da hannun dama, ya kai ta bakin wayar, ta goce, ya sake, ta goce. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo, wanda yake ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar yashi biyu ba da hantsaki ya zaunar da ita a raminta. Ni ban kawo komai a raina ba, tsufa na ɗauka. Har ba ka labari na yi a waya ina dariya, na ce igiyar caji ta gagari babban injiniya. Kai ma ka yi dariya, ka ce ai wayar tasa tana ɗaukar caji ba da igiya ba, akwai wani faifai da ake ɗora ta a kai kawai ta cika, za ka aiko masa da shi ta hannun abokin aikinka mai zuwa hutu.

Ranar da faifan ya iso duk gidan muka taru a kansa. Ɗan abu fari, zagayayye, bai fi murfin kofi ba, da 'yar fitila a gefe. Na jona shi a soket ɗin falo, na ɗora wayar Baba a kai. Fitilar ta kama ƙyaftawa ja, wayar kuma ko gezau. Na juya ta, na matsar da ita tsakiya, na canza soket, duk ɗaya. Na ɗora tawa, ita fitilar ma ba ta kula ta ba, domin tawa ba ta cikin masu wannan gata. Mama ta ce a bar shi ya huta, wataƙila gajiyar tafiya ce. Baba ya ɗauka ya juya, ya kai kunne ya girgiza kamar yadda yake yi wa agogon da aka kawo masa, ya ce babu komai a ciki, an dai sayar wa ɗansa murfin kofi mai igiya. Sai na ɗauko 'yar takardar da ke cikin kwalin na karanta, na ga an ce idan rigar waya ta yi kauri, ko akwai ƙarfe tsakaninta da faifan, ba za ta ɗauki caji ba, a cire. Na miƙa hannu zan cire rigar, sai Baba ya fizge wayar. Ya ce da ƙyar aka sa ta, garin cirewa za a fasa masa gilashi, kada wanda ya taɓa. Ya ɗaure fuska irin ɗaurewar da rabon da in gani tun muna yara. Na ce to, na ƙyale shi, abin da ka san ba halina ba ne.

Asabar ta zo ka kira, tambayarka ta farko ita ce faifan. Baba ya dube ni, na dube shi, sai na ji bakina yana cewa yana aiki lafiya lau, Baba ya huta. Na ji yadda ka ji daɗi, ban so in ɓata maka ba. Ka yafe mini, wata uku na yi ina maimaita maka wannan ƙarya duk sati. Faifan kuwa kan ɗan teburin da ke gefen kujerar Baba ya koma, a kansa yake ajiye kofin shayi, ya ce ga aikinsa na gaskiya ya samu. Ni kuma kullum da safe kan hanyata ta zuwa ofishin makaranta sai in biya in jona masa igiyar, da yamma in na taso in sake dubawa. Ranar da ban samu biyawa ba, da kansa yake fama. A cikin watannin nan sau biyu na gan shi da filasta a babban yatsan hannun hagu. Na tambaya, ya ce wuƙar buɗe bayan agogo ce ta zame masa. Na ce ya dai riƙa yi a hankali, na wuce.

Sati uku da suka wuce bakin cajin wayar ya mutu gaba ɗaya. Yawan cusa igiyar a karkace ya lanƙwasa abin da ke ciki. Wayar ta ɗauke, Baba ya jefa ta cikin durowa ya ce a ƙyale ta, ranar Asabar sai a yi magana da kai ta wayata. Ni kuma na gaji. Na gaji da ƙaryar, na gaji da biyawa sau biyu a rana saboda igiya, kuma haushin taurin kansa ya ishe ni. Ranar Alhamis na taso aiki da wuri, na biya gida Baba yana kasuwa, na ɗauki wayar da faifan na sa a jaka, na nufi shagon mai gyaran waya. Ka san shagon, rumfa huɗu ce tsakaninsa da ta Baba, har yanzu ga tulin matattun wayoyi a cikin gilashi da fankar nan mai ƙara. Ya haska bakin cajin da fitila ya ce sai an canza, kuma irinsa sai an yi odar sa, kwana goma. Amma ya ce me ya kai mu wahala, ai wannan wayar tana ɗaukar caji ta bayanta, akwai zaren tagulla a naɗe a ciki, wani kuma a cikin faifan, idan suka kusanci juna wutar take tsallakawa. Na ce mun gwada, ja take nunawa. Ya ce idan ja ce mai ƙyaftawa to faifan lafiyarsa ƙalau, wani abu ya ji a tsakani ya ƙi sakin wuta, don kada abin ya yi zafi. Kafin in ce wani abu ya sa farce a kusurwar rigar ya ɓalle ta. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

Abubuwa uku suka faɗo kan kantarsa. Takardu an ninke su ƙanana an danne, katin asibiti, da ledar magani irin mai baya mai ƙyalli wadda ake dannawa ƙwaya ta fito, saura ƙwaya huɗu a ciki. Mai gyaran ya ɗauki ledar ya ce ga mai laifin nan, wannan bayan nata ƙarfe ne. Sai idonsa ya kai kan katin ya ga sunan Baba da tambarin asibiti, ya ajiye a hankali, ya juya baya kamar yana neman wani abu a cikin kwali. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Da ya juyo sai ya ɗora wayar tsirara a kan faifan. Ta yi 'yar ƙara, fitilar ta koma koriya, hoton batir ya fito a fuskarta. Na tsaya a wurin na warware takardun. Ɗaya sakamakon hoton kai ne, an yi shi wata bakwai da suka wuce. Ɗaya takardar sayen magani. Ta ukun kuma ranar da aka ba shi ce ya je a kwantar da shi a yi masa aiki, kuma ranar ta wuce da wata biyar. Na karanta sau biyu. Na tuna ina tsaye ina kallon lambar batir tana hawa daga ɗaya zuwa biyu, ina cewa a raina ashe da gaske abin yana aiki.

Na taka zuwa rumfar Baba. Yana zaune a bayan teburinsa, gilashin nan a maƙale a ido ɗaya, agogo a buɗe a gabansa, amma hannunsa na dama yana kan cinya. Na ajiye takardun a tsakanin agogunan. Ya daɗe yana kallon su, sannan ya cire gilashin ya tambaye ni wa ya cire rigar. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce yaron nan yana da hannu. Bai yi faɗa ba, ni ma ban yi ba. Na ja benci na zauna, ya ba ni labari yana kallon titi. Ya ce ciwon kai ne ya kai shi asibiti shi kaɗai. Da aka ba shi takardun ya rasa inda zai ɓoye, domin Mama tana lalube aljihu kafin wanki, ni kuma ba durowar da ba na buɗewa, a gida da rumfa. Sai ya ga bayan waya ne kaɗai ba mai shiga. A lokacin yana iya ɓalle rigar ya ɗauki ƙwaya ya mayar. Wata rana ya zo cirewa yatsunsa suka ƙi. Ya gwada washegari, suka ƙi. Ya sa wuƙar agogo, ta zame ta yanke shi, ya bari ya warke ya sake gwadawa, ta sake yankarsa. Tun daga nan bai ƙara shan maganin ba, kuma bai iya sayen wani ba, tunda takardar sayen ma tana ciki. Ya ce tun ranar da faifan ya nuna ja ya san abin da ya hana shi, ai shi ba baƙon ƙarfe ba ne. Kunya ce ta hana shi ya miƙa wa wani ya ce cire mini.

Na tambaye shi me ya hana shi zuwa a yi aikin. Ya ce likita ya gaya masa gaskiya, ana iya yi ya tashi lafiya, ana iya yi ya tashi babu hannun ko babu bakin. Ya ce kuma ya san idan aka kwantar da shi dole ka ji, idan ka ji za ka bar komai ka taho, kai da ka sha wuya shekara shida kafin ka samu gindin zama, kuma an gaya maka idan ka bar aikin kafin wa'adinka ya cika ba lalle ka dawo ka same shi ba. Ya yi ta jero dalilai, ina saurare. Da suka ƙare ya ce, "Auta, tsoro na ji." Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Na ce to Baba, gobe za mu koma asibiti. Ya ce to. Muka rufe rumfa tare, na biya na karɓo wayar, ta kai kashi sittin.

An sake hoton, muka koma bayan kwana biyar muka ga likita. Mutum ne mai magana a hankali, bai yi wa Baba faɗa ba. Ya nuna mini hotuna biyu a jere, na da da na yanzu, ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Ya ce abin ya girma ya shiga inda wuƙa ba ta zuwa, abin da ya rage magani ne na rage kumburi da ciwo. Ya ce sanin ranar kowa sai Allah, amma yadda yake gani maganar watanni ce, ba shekara ba, kuma kalmomi za su fara ɓace masa tun kafin jiki ya kwanta. Ya ce idan akwai wanda ya kamata su gana, yanzu ne. Da Baba ya fita karɓar magani na koma na tambaye shi abin da ke cina. Na ce da wata uku da suka wuce aka kawo shi, ranar da faifan ya iso, da an iya yin aikin? Ya ce kada in yi wa kaina irin wannan lissafi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Hannuna yana kan rigar nan a ranar, Yaya, na riga na kama kusurwarta. Fuska kawai ya ɗaure mini na haƙura.

A cikin mota kan hanyar gida ya ce in yi masa alkawari ba zan gaya maka ba, sai wa'adinka ya cika ƙarshen shekara mai zuwa ka zo da kanka. Na dube shi, shi ma ya san ƙarshen shekara mai zuwa ba tamu ba ce. Ban ce na yi alkawari ba, kai kawai na gyaɗa, shi kuma ya ɗauka a haka. Mama dai na ce dole ta sani. Na same ta tana ninke wanki a kan gado na gaya mata. Ba ta daina ninkewa ba. Ta ce ta san da wani abu tun ranar da ya fara ɗaukar kofi da hannun hagu, ta yi shiru ne tana jiran ya faɗa da bakinsa, shi ma ashe yana jiran ta tambaya. Ta gama ninke rigunansa ta jera a durowa, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Kada ka ɗauka kuka muke yi a gidan nan. Ni dai har yau ban zubar da hawaye ba, kuma abin yana ba ni tsoro. Ina tashi, in shirya yara, in je ofis in buga takardun jarrabawa, in gaisa da mutane, har dariya nake yi idan aka yi abin dariya. Abinci ba ya mini ɗanɗano, amma ina ci. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka jin komai. Wani lokaci nakan nemi haushi in ji, haushin Baba, ko haushin kaina, ko naka da kake aiko mana da na'urori kai ba ka zo ba, sai in tarar shi ma haushin babu. Na san ba ka da laifi. Ka ga hannun mahaifinka ya gaza, ka nemo masa sauƙi daga inda kake, kuma ba don faifan naka ba da har yanzu takardun suna nan a ɓoye.

Yanzu da yamma rumfar nake zuwa. Akwai agogunan mutane goma sha tara da suka taru ba a gyara ba, Baba ya ce ba zai bar kayan mutane a hannunsa ba. Shi yake faɗa, ni nake yi. Na koyi canza batir da ɗaure maɗauri, ya ce hannuna kamar na mai faskare, amma da haƙuri za a samu abin kirki. Waɗanda suka fi ƙarfina muna kiran masu su mu mayar musu, ya ce musu ido ne ya fara gajiya. Saura shida. Wayar kuwa ba mu ma canza mata bakin cajin ba. Tsirara take yanzu, idan ya dawo gida ya ɗora ta a kan faifan da hannun hagu, ta yi 'yar ƙararta, shi ke nan. Ya ce wanda ya ƙirƙiro abin nan yana da tsoho a gida. Kofin shayin ya koma ƙasa.

Ka tuna kiran Asabar ɗin da ta wuce. Ka ce a nuna maka faifan, na juya kyamarar wayata ka ga koriyar fitila, ka ce za ka nemo wa Mama waya mai irin wannan caji ita ma ta huta. Sannan ka miƙa wa ɗanka waya ya gaida kakansa. Baba ya buɗe baki zai kira sunansa, ya tsaya. Ka ce ko layi ne ya yanke, na ce e, layi ne. Ba layi ba ne. Sunan ne ya ɓace masa, sunan yaron da shi da kansa ya zaɓa. Ina kallon bakinsa yana motsi yana nema, har ya haƙura ya ce masa maigida. Bayan kun ajiye, can ya faɗi sunan shi kaɗai, sau uku, kamar mai haddacewa. Shekaranjiya kuma cokali yake so, ya yi ta nuna shi da hannu yana cewa abin nan, abin nan. Ba kullum ba ne, yawancin lokaci hirarsa yake garau har da tsokana. Amma sati biyu da suka wuce babu wannan ko kaɗan. Shi ya sa na sayo takarda da biro.

Ban san yadda za ka yi da wurin aikinka ba, kuma ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Kai ka san mutanen da kake aiki da su, ka san abin da za ka rasa, kana da mata da yara a wuyanka. Ku zauna da Anti ku yi shawara. Idan sati biyu za su ba ka, karɓi sati biyun. Ni dai ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, in bari ka zo ka tarar da shi yana kallon ka yana neman sunanka, sannan ka tambaye ni tun yaushe na sani. Gara Baba ya yi fushi da ni. Abokin aikinka da ya sake zuwa ganin gida zai koma jibi, shi zan ba takardar ya kawo maka hannu da hannu. Idan ka karanta kada ka kira wayar Baba, kira tawa da rana lokacin ina ofis.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce mata na ga hoton labulen da ta ɗinka, hannunta ya faɗa. Ka shafa mini kan maigidan Baba da ƙanwarsa mai kukan banza. Mama tana gaishe ku, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Goggo da Kawu suna gaisuwa, su ba su san komai ba tukuna. Maigidana ya ce in gaishe ka duk lokacin da muka yi magana, yarana kuma suna tambayar yaushe kawunsu zai zo.

Jiya na tsaya a nan, na ninke takardar na sa a jaka. Yau da na biya gida kafin ofis na kasa fita da ita a ɓoye, na gaji da ɓoye-ɓoye a gidan nan. Na same shi a kujerarsa na ce Baba, na rubuta wa Yaya, na gaya masa komai, gobe zan bayar a kai masa. Ya dube ni. Sannan ya ce tun ina cikin zani ba na jin magana, bai san wa na gado ba. Na ce ga takardar, idan ya ce in yaga zan yaga a gabansa, amma zan sake rubuta wata. Bai karɓa ba. Ya tambaye ni ko da sauran wuri a ƙasa, na ce akwai kaɗan. Ya ce in ƙara maka wannan, kuma in rubuta yadda ya faɗa: "Idan zai zo, ya nemi jirgin da ke sauka da safe. Da safe bakina ya fi sakuwa."

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ku gana.

Taka ƙanwa,
Auta